Darasin Halittu: A Fara Fitar da Malami Waje Kafin a Fitar da Yaro

Yaron ƙauye ɗan shekara tara a ƙasarmu ya san halittu fiye da yadda muke zato. Ya san ciyawar da awakinsu ke so da wadda suke ƙyale wa. Ya san in shamuwa ta sauka a kan iccen ƙofar gida damina ta kusa. Ƴar uwarsa ta san iccen da ke hayaƙi da wanda ke yin garwashi mai kyau, ta san tafasa da ƴar'uwarta da ba a ci. Wannan yaron ne zai shiga aji, a rubuta masa taƙaitaccen darasi da Faransanci a kan tabulo game da sassan tsiro, ya kwafa cikin kaye, ya hardace, ya maido wa mushe ranar jarrabawa. In ka riƙe hannunsa ka kai shi gindin gawon da ke tsakar lakwal, ka ce ya nuna maka abin da ya rubuta a jikin iccen, sai ya yi tsuru-tsuru. Ilimin gida na gefe, na lakwal na gefe, ba su taɓa gaisawa ba.

Mun saba ɗora laifin a kan rashin kayan aiki da yawan yara. Waɗannan matsaloli ne na gaske, zan kuma zo kansu. Amma a ganina, a matsayin wanda ke aiki a makarantar horar da malamai, tushen abin yana gun malamin. Saurayi ko budurwar da ke zuwa mana da hardar suka taso, da ita suka ci jarrabawa. In muka koya musu dabarun koyarwa ta hanyar shifta, suka kwafa, suka hardace, to da me za su fita in ba hardar ba? Abin da babba ya gani yana zaune ne yake nuna wa yaro. Wanda bai taɓa tsuguna ya ƙirga tururuwa ba, ba zai sa yara su tsuguna ba.

Abin da ya kamata ɗalibin malanta ya fara ganewa shi ne, wannan darasi ya wuce jera sunaye. Zuciyarsa ita ce alaƙa: wa ke cin wa, wa ke fakewa a jikin wa, wa ke gyara wa wa ƙasa, me zai faru in an cire ɗaya daga ciki. Abin da masana ke nufi ke nan in suna maganar tsarin zaman halittu a wuri guda, wato cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin tsiro da dabba da ƙwaro da ƙasa da ruwa da rana. Kuma ba na jin akwai ƙasar da ta fi tamu samun misali a bakin ƙofa.

Ɗauki gawo. Sauran itatuwa suna tohuwa da damina, shi kuwa lokacin ne yake kakkaɓe ganyensa, sai da rani ya yi kore shar. Tambayi yara: hatsin da ke gindin gawo da wanda ke nesa da shi, wanne ya fi kyau? Duk ɗan manomi zai ba ka amsa. Sai ka bi su da "don me?" Daga nan darasi ya buɗe. Ganyen da ya zuba ya ruɓe ya zama taki daidai lokacin shuka. Da yake ba ganye a kansa da damina, ba ya tare wa hatsi rana. Da rani bisashe na taruwa a inuwarsa, su ci ƴaƴan da suka faɗo, su bar kashi a wurin. Ƙwayar irin ta bi ta cikin dabbar, ta fita a wani wuri ta tsiro. Saiwarsa mai zurfi na jawo ruwa da abinci daga inda saiwar hatsi ba ta kai. Icce ɗaya ya haɗa akuya da hatsi da ƙasa da mutum. Ba banza ba ake ba da tarihin cewa sarakunan Damagaram na da sun hana saran gawo da hukunci mai tsanani.

Ko ka ɗauki sassabin zamani. Daga shekarar 1983 a jahar Maraɗi, wani ma'aikacin noma ɗan Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoma suka kama hanyar barin kututturen sabara da kalgo da sauransu su sake tohuwa a gona, a rage rassan a bar masu ƙarfi. Saiwar tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ana ta sare kanta duk shekara. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kan eka mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Daga ƙasashe da dama ana zuwa ganin wannan aiki. Uwayen yaranmu ne suka yi shi da adda da hannunsu. Abin kunya ne a ce yaro ya gama CM2 a Agye ko Matamai bai taɓa jin malaminsa ya kira wannan da sunan kimiyya ba.

A jahar Tawa kuma akwai tassa. A haƙa rami a fako, a zuba taki, gara ta zo neman takin ta yi ta huda ƙasa, ruwan sama ya bi hanyoyinta ya shige maimakon ya gudu. Garar da muke tsine wa don ta ci mana azara da littafi, ita ce ma'aikaciyar a nan. Wannan babban darasi ne ga yaro: halitta ɗaya tana ɓarna a wani wuri, tana gyara a wani. Haka tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi tana da maƙiyinta, wani ɗan ƙanƙanen ƙwaro dangin zanzaro da ke sa ƙwai a jikinta, wanda masu binciken noma na INRAN a Maraɗi suka daɗe suna renonsa ana sakinsa a gonaki cikin ƴan jakunkuna. In yaro ya fahimci haka, zai fahimci cewa maganin feshi yana kashe mai ɓarna da mai taimako gaba ɗaya.

Akwai wani abu da ba mu cika lura da shi ba, kuma shi ya kamata makarantun horar da malamai su gina tsarinsu a kai. Shekarar karatu tana kamawa daga Oktoba zuwa Yuni. Wato lokacin da daji ya fi rai, kwaɗi na kuka, ciyawa ta rufe ƙasa, makarantu a rufe suke. Ko ranar dashen itatuwa, 3 ga Agusta, cikin hutu take faɗowa. Malamin da ya bi littafi shafi bayan shafi zai iske kansa yana koyar da rayuwar kwaɗo a watan Maris, ba kwaɗo ko ɗaya a gari. Don haka dole malami ya iya jera darussansa bisa yanayi.

Oktoba da Nuwamba kaka ce. Akwai sauran ruwa a tabki, akwai fara, akwai zangarniya, akwai harawa. Lokacin tumɓuke tushen wake ne a wanke saiwar, yara su ga ƴan ƙulluttukan da ke jikinta. A nan ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke ɗebo sinadari daga iska su mai da shi abincin tsiro, shi ya sa kakanni suke haɗa hatsi da wake a gona ɗaya. Lokacin nuna ƙuduji ne ma, yara su ga yadda ya maƙale a saiwar hatsi yana tsotsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin garka ne: shuka, ban ruwa, auna tsawon tsiro duk mako, kallon zuma a kan fure da tambayar me take nema, me kuma take barin wa furen. Daga Maris zuwa Mayu, bazara, tambayar ita ce yaya halittu ke jure ƙishirwa? Aduwa da ƙayarta, anza da ba ta bushewa, irin ƙarangiya da ke kwance cikin rairayi yana jiran ruwa, gaiwa da ke shigewa cikin laka ta yi watanni har tabki ya sake cika. A watan Yuni, in ruwan farko ya sauka, ga shinge na tashi, ga tsiro na hudowa. Sai a sallami yara da aikin hutu: kowa ya zaɓi icce ɗaya ko kududdufi ɗaya, ya riƙa zana abin da ya gani sau ɗaya a mako, ya kawo a watan Oktoba.

Za a ce babu ɗakin gwaji, babu madubin ƙara girma, wani wurin ma ajin na zana ne. Gaskiya ne. To amma duba abin da za a iya yi da tarkacen da ke kowane gari. Ɗaure farar leda a reshe mai ganye da safe, kafin a tashi yara za su ga raɓa a ciki, su gane cewa icce na fitar da ruwa ta ganye. Yanka gorar ruwa uku a shuka wake: ɗaya a rana da ruwa, ɗaya a duhu da ruwa, ɗaya a rana ba ruwa. Kafin a ga sakamako, kowane yaro ya faɗi abin da yake tsammani, a rubuta. Cika kwalba da wake mai ƙwari a toshe bakinta ruf, a rufe wata da ƙyalle, a jira makonni. Ƙwarin kwalbar da aka toshe za su mutu, na ɗayar su yi ta ƙaruwa. Yaro ya koyi cewa ƙwaro ma numfashi yake, ya kuma gane dalilin buhun nan mai ruɓi uku da ake ajiye wake a ciki ba tare da magani ba. Binne ganye da ɓawon mangwaro da takarda da baƙar leda a rami, a riƙa yayyafa ruwa, a tone bayan wata biyu. Ledar za ta fito kamar jiya aka sa ta. Duk mahaucin gari zai iya gaya wa yara abin da yake tararwa a tumbin akuya.

Ga kuma wanda ya fi kowanne amfani ga lafiya. Ɗebo ruwan da ya kwanta mai ƴan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil, a zuba a kwalba a rufe da guntun gidan sauro. Cikin kwanaki kaɗan yara za su ga sauro ya fito daga cikinsu da idonsu. Yaron da ya ga haka ba sai an yi masa wa'azi a kan kwatami da tsohuwar taya ba. Shi zai je gida ya kifar da gwangwanin da ruwa ya taru a ciki. Duk waɗannan gwaje-gwaje ba su kai jika ɗaya ba. Abin da suke buƙata shi ne malamin da ya taɓa yin su da hannunsa, ya ga inda suke ƙin yi, ya san abin da zai ce in waken bai tsiro ba. Gwajin da ya ƙi ma darasi ne, in malami bai firgita ba.

Za a ce aji mai yara tamanin ba ya fituwa waje, hargitsi za a yi. In an fita ba shiri, haka ne. Shi ya sa fita da yara sana'a ce da ake koya, kamar yadda ake koyon rubutu a tabulo. Ba a bukatar zuwa daji. Minti goma sha biyar a tsakar lakwal sun isa. A raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowace da igiya mai tsawon taki huɗu da za ta kewaye wuri da ita, wasu a inuwa, wasu a rana, wasu kusa da randa. Kowane yaro da aikinsa: mai dubawa, mai ƙirga, mai rubutu a allo, mai ba da rahoto. Tambaya ɗaya tak: abu mai rai nawa kuka gani a cikin igiyarku? A koma aji a jera lissafin a tabulo, a tambayi dalilin da ya sa na inuwa suka fi. A wannan zama guda an yi kimiyya, an yi lissafi, an yi magana, an yi rubutu. Wanda ke cewa darasin halittu na cinye lokacin karatu da lissafi bai ga irin wannan zama ba.

Akwai ƙa'idojin tsaro da ba a wasa da su, kuma su ma sai an koya wa malami. Ba a ɗaga dutse da hannu, ba a zura yatsa a rami, saboda kunama da maciji. Ba a sa yara cikin ruwan tabki, saboda tsargiya, wadda ƙwayarta ke rayuwa a jikin ƴar ƙatantanwa kafin ta shiga fatar mutum. Malami ne ke ɗebo ruwan da guga. Ba a ɗanɗana abin da ba a sani ba, a kiyayi nonon tumfafiya da ido, a wanke hannu da an dawo. Abin da aka kama don kallo, in ba sauro ba ne, a mai da shi inda aka ɗauko shi.

Sai maganar harshe. Yaro ba ya iya yin tambaya da harshen da bai mallaka ba, kuma kimiyya da tambaya take farawa. A bar shi ya faɗi abin da ya gani da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Tamajak, ko Barbarci, sa'an nan a ba shi kalmar Faransancin ya ɗora a kan abin da ya riga ya gane. Tun 1973 ƙasarmu ke gwada koyarwa da harsunan gida, don haka ba baƙon abu ba ne. Kalmar da aka ɗora a kan fahimta tana zama. Wadda aka hardace a kan iska tana tafiya da hutu.

Wani zai ce, in dai ilimin gida ne, me ya rage wa lakwal? Abu babba ya rage. Ilimin gida yana da zinariya, yana kuma da tsakuwa. Akwai masu cewa nama ne ke haifar tsutsa da kansa, ko kwaɗi daga sama suke faɗowa da ruwa, ko ɗanyen mangwaro ne ke kawo masassarar cizon sauro, ko mujiya mugun abu ce da za a jefa. Aikin malami shi ne ya koya wa yaro yadda ake gwada magana ba tare da an raina mai ita ba. A 1668 wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya sa nama a tukwane, wasu a buɗe wasu a rufe, tsutsa ta fito a waɗanda ƙuda ya samu sauka kaɗai. Yaran CM1 za su iya maimaita wannan da guntun kifi da kwalba biyu a bayan aji. Mujiya kuwa, a tambayi yara me take ci da dare, su lissafa abin da ɓera zai yi wa rumbu in babu ita. Yaron da ya koyi cewa "bari mu gwada" ya samu abin da zai kare shi daga ɗan damfara da jita-jitar waya har tsufansa.

Kuma kada mu nuna wa yara cewa kowace tambaya tana da amsa mai sauƙi. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu har sun koma 49 a 1996. Da aka tsaya musu, sun haura 600. Abin alfahari ne. Amma suna shiga gonaki su ci wake, manomi kuma da waken yake ciyar da gidansa. Wa ke da gaskiya? Haka rikicin burtali tsakanin manomi da makiyayi, haka matar da ke neman iccen girki a inda aka hana sara. A bar manyan yara su yi muhawara a kan irin waɗannan. Su ne za su gaji filin da bisashen da rigimar.

Abin da nake kira gare shi ba ya bukatar jiran wata ƙungiyar waje. Kada ɗalibin malanta ya karɓi takardarsa sai ya iya nuna tsirrai talatin na yankinsa da sunansu na gida da na Faransanci da amfaninsu. Sai ya reni fangali ɗaya daga shuka har girbi. Sai ya yi gwaji biyar da hannunsa ya rubuta abin da ya gani, har da wanda ya ƙi. Sai ya ja aji cikakke waje a lokacin koyon aiki, mai horar da shi na kallo. Mu masu horarwa, mu rage shifta, mu fita da su. Malaman da suka riga suka kama aiki, a ware zama ɗaya daga tarukan CAPED a yi shi a gindin icce, kowa ya gwada abin da zai sa yara su yi. Sufetoci da daraktoci kuma, in kun tarar da aji a waje yara na tsugune, ku fara tambayar me suke nema kafin ku rubuta cewa malam ba ya aiki.

Ku kuma uwaye, in yaro ya dawo da ƙasa a gwiwa yana tambayar tsohuwa sunan wata ciyawa, kada a ce masa mushe ya mai da lakwal wurin wasa. A ba shi amsa. In malam ya nemi manomi ko makiyayi ko masunci ko mai ɗiban zuma ya zo ya yi wa yara bayani na rabin awa, a je. Kwamitin makaranta ya taimaka da shinge, don garkar lakwal ba ta kai labari in awakin gari na kwana a ciki. Yawancin yaran nan da ƙasa da ruwa da bisashe za su ci abinci, ko sun yi nisa a karatu ko ba su yi ba. Wanda zai zama likita ko malamin gona, daga kallon tsutsa a kwalba yake farawa. Wanda zai gaji gonar babansa, shi ya fi kowa bukatar sanin dalilin da ya sa ba a tumɓuke kututturen sabara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kaka mai zuwa ba ta da nisa. Malam, tun yanzu ka fara tara gorar ruwa.